Yatsan Dangwale

Ƙanena ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Shi ke ɗibar jini, ya shafa a gilashi, ya leƙa cikin madubin gwaji, ya faɗa ma likita abin da ke cin mutum. Amma a garinmu Mawashi, Likita kowa ke ce mashi, saboda farar rigar nan. Ya gaji da gyara masu ya bari.

Duk damina sai zazzaɓi ya kayar da ni, in hau mashin in same shi a asibitin da yake aiki a Kankiya. Da ya ɗauko allura sai in cusa hannun dama cikin aljihu.

"Yaya, ba babban yatsa nake sokawa ba," in ji shi.

"Na sani, tsaro dai nake. Da shi nake dangwale. In ka ɓata mani shi, da me zan karɓi taki?"

"To ka shiga yaƙi da jahilci mana, yatsan nan ya huta. Ga furfura ta fara, kana yawo da tawada kamar kullum ranar zaɓe."

Sai in miƙa mashi hagu, muna dariya.

Bai taɓa kawo mani kukan albashi ba. Na gane ne lokacin da ya daina mayar da geron da nake aika mashi da kaka. Wata Juma'a muna cin tuwo a zaure ya yi mani bayani: aikin nasu hawa-hawa ne, kuma takardar da yake da ita ta kai shi iyakar inda za ta iya. Masu digiri za su zo bayan shi su wuce. Komawa makaranta kuwa, wa zai riƙe mashi iyali?

Na ce ya yi haƙuri. Ita ce kalmar da na iya, da ita nake noma.

"Yaya, kai in ka yi haƙuri ruwa na zuwa," ya ce. "Ni ko hadari ban gani ba."

Shekaru na yi ina maimaita mashi ita, yana cewa to.

Sai wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Legas ya neme shi. Tun rasuwar mahaifinmu ba ya yanke babbar shawara sai da ni. Ya iske ni a gona muna yankan dawa, ya tsugunna a kan kunya.

"In ka ce in zauna, na zauna."

Na san da gaske yake, abin da ya sa maganar ta yi mani nauyi ke nan. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma ina son ya zauna. Na buɗe baki in ce haƙuri, sai na lura shi ma furfura ta fito mashi a gemu. Kalmar ta ƙi fita.

"Je ka," na ce. "Allah ya sa a dace."

Bayan tafiyar shi na shiga aji a Kusada, bayan la'asar, a kan bencin 'yan firamare. A hankali nake tafe, amma ga shi da hannuna nake rubuta wannan.

Bana ma zazzaɓin ya zo. Na je asibitin Kankiya, na tarar da wata matashiya a kujerar ƙanena. Na shimfiɗa mata hannun dama a kan tebur.

"Ɗiyata, soki wanda kika ga dama, har babban. Ya yi ritaya."

"To, Baba," ta ce, ta kama na tsakiya. Ba ta yi dariya ba, kuma ba laifinta ba ne.

Da na fito na kira shi na ba shi labari. Ya yi dariya, amma ƙarar motoci ta cinye rabinta. Ya ce zai zo da Babbar Sallah in ya samu hutu. Bara ma haka ya ce.

Har yau bai ga na sa hannu da biro ba. Ya ce in ɗauki hoto in tura mashi, na ce a'a, sai dai ya zo ya zauna a zaure ya gani.