Sallahun Ranar Talata

Shekarar da aka ba mu jiha, kowa ya zama mai rabo. Masinja na hangen kujerar akawu, akawu na hangen ta darakta. Ni ma ina ƙaramin ma'aikaci a Kaura Namoda na ɗinka sabuwar babbar riga, na shiga bin manya kamar jela. Ɗaki ɗaya muke haya da taubashina, ɗan kawuna. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ya ce mini bawansa, in ce masa mai kan tulu, mu yi dariya.

Aka kira ni intabiyu a Gusau ranar wata Alhamis. Ran Talata Innata, da ke Moriki, ta ba wani direba sallahu cewa jiki ya yi tsanani, in zo tana son ganina. Lokacin babu wayar hannu, saƙo a bakin direba yake tafiya. Direban bai same ni ba, sai ya faɗa wa taubashina. Shi kuwa ya haɗiye maganar, ya taya ni goge riga, ran Laraba ya raka ni tasha har yana tsokanata wai kada in manta da talakawa.

Na ci intabiyu. Ran Asabar na zarce Moriki da albishir a bakina da turmin atamfa a jaka. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu. Ashe ranar Alhamis ɗin Inna ta rasu. A wurin zaman makokin direban ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, ya ce, "Ai tun Talata nik kawo sallahu, ɗan kawunka nib ba."

Da na tare taubashina a zaure bai ko yi musu ba. "Don kai niy yi," in ji shi. "Da ka tahi, da aikin ga ya wuce ka. Ban san Gwaggo za ta cika ba."

Ban zage shi ba, ban ɗaga hannu ba. Na san inda zai fi masa ciwo. Daga ranar na daina wasa da shi. Na koma ce masa Malam. In ya shigo in miƙe tsaye, in tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, in gode masa da ziyara. In ya jefo tsokana a gaban dangi, sai in sunkuyar da kai in ce, "Gaskiya ne, Malam." Dariyar ta mutu a bakin kowa. Taubashin da aka hana wa wasa bare ne, kuma duk Moriki an gane na cire shi daga jinina. Shekara huɗu ina gasa shi da ladabi, kuma wallahi daɗi nake ji. Kawu ya sa baki, matata ta ce riƙo ba kyau, na ce su nuna mini laifin mai girmama ɗan'uwansa.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a taubashin nawa ya tsayar da gemu, ya samu kujerar Makka. Kamar yadda maniyyata ke yi, ya shiga zagayen neman gafara gida-gida. Wata la'asar ya iso ofishina a Gusau, ya ƙi kujera, ya tsuguna a kan siminti.

"In na taɓa yi maka laihi, ka yahe mini."

"In?" na ce. "Ba ni yahe abin da ba shi da suna, Malam. Hwaɗi abin da kay yi."

Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Gwaggo ta kira ka, nih hana ka zuwa."

Shekara huɗu nake jiran wannan magana, kuma na riga na tanadi amsa. "Hakkin ba nawa ba na ni kaɗai. Wadda tay yi kwana biyu tana kallon ƙohwa, ita za ka roƙa. Tahi ka nemo ta."

Na zaci zai yi kuka. Sai ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya dube ni yadda bai dube ni ba tun rasuwar.

"Na ɗauki kwana biyu, nawa na, in kai su gaban Allah. Amma wata bakwai kay yi ba ka taka Moriki ba, kana bin manya da jaka. Mota awa guda ta. Su kuma, wa za ka ɗora ma?"

Ya fita, bai jira amsa ba.

Ya je Makka ya dawo, ya aiko mini da dabino da zamzam, na mayar masa da godiya a rubuce. Yanzu duk mun yi furfura, har yau Malam nake ce masa. Mutane na cewa zuciyata dutse ce. Ba su san tsoro ba ne. Ranar da na yafe masa kwana biyunsa, wata bakwai ɗin nan za su juyo su dube ni, ga shi babu kowa a tsakaninmu.