Hanyar da Ba Ta Bi ta Gidan Dangi

Ni dai ban taɓa wuce Wudil ba sai da na yi jika, amma tambaye ni garuruwan da ke tsakanin Gaya da Haɗeja, yanzu na jero maka su. A zauren gidanmu na ji su, ta bayan katanga, ina tankaɗe.

Shekarar da maigidana ya sayi keke ke nan, bayan an sayar da gyaɗa, ba a daɗe da yanka jihohi ba. Lokacin Haɗeja da Gumel da Birnin Kudu duk Kano ce. Yana da wani taubashi, ɗan kawunsa, mai bin kasuwanni da jaki yana sayar da kanwa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Ranar da aka kawo keken ya zagaya shi, ya kaɗa ƙararrawar, ya ce, "Kai, Allah ya ba kifin rijiya jirgi! Ina za ka da shi, bawana? Masallaci?"

Kowa ya yi dariya ban da maigidan. Nan take ya ci alwashi a gaban mutane cewa kafin ruwan shuka ya sauka sai ya zagaya jihar nan a kan keken, har ya wanke tayarsa a kogin Haɗeja. Kowa kuwa ya san in ruwa ya sauka manomi ba shi da sauran tafiya.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai su share ƙasan zaure, su ɗauki kara suna zana hanya. Taubashin ya san inda yashi yake kama taya, da inda ƙaya take, da garin da ke da mai faci, da rijiyar da ruwanta ke da zartsi. Duk wannan bai ba su wahala ba. Dangi ne suka ba su wahala.

A wurinmu ba ka ratsa garin da ɗan'uwanka yake ka wuce. In ka wuce, labari zai riga ka isowa gida. In kuma ka tsaya, an kama kaza, an ɓoye maka takalmi, kwana ɗaya ya zama mako. Saboda haka suka ce sai an samo hanyar da ba ta bi ta gidan kowa. Ita kuwa Inna, mahaifiyar maigidan, tana zaune a ƙofar ciki tana kaɗi, kamar ba ta ji.

"Daga nan sai Ringim," in ji maigidan.

"Akwai goggonka a Ringim," in ji Inna, ko kai ba ta ɗago ba.

"To, a karkata ta Jahun."

"'Yar ƙanwata tana aure can. Ta ma haihu, ba a je barka ba."

"Kiyawa fa?"

"Wanzamin da ya yi maka kaciya can ya koma."

"Haba Inna, wanzami dangi ne?"

"Je ka wuce shi ka gani."

Taubashin ya kwanta yana dariya. "Goggo, cikin kogin fa? Ko nan ma akwai namu?"

"Kai tafi can, ja'iri. Sarkin ruwan wajen tare muka sha nono."

Haka aka yi ta zanawa ana sharewa da tafin hannu. Zafi ya tsananta, gajimare ya fara leƙowa ta gabas, maigidan in ya fito sai ya ɗaga kai ya yi tsaki. Daga ƙarshe suka samo wata hanya mai kama da tafiyar maciji: a bi burtali, a zagaye manyan garuruwa ta baya, a kwana a zauren mai unguwa a ƙauyukan da ko Inna ba ta taɓa jin sunansu ba. Ni kuma na soya zabuwa, na yi ƙuli-ƙuli da dakuwa, na ɗaure masa a kariyar keken. Ya yi sallama da sassafe, yara suka bi shi har bakin gari.

Zangon farko shi ne a wuce Ajingi ta bayan gari, don can iyayena suke. Ni kaina da nake 'yar garin ban tuna lokacin sharar gona ne ba, kuma gonar Babana a bayan gari take. Yashi ya tilasta wa maigidan ya sauka yana turi, yana ɗago kai sai ga surukinsa tsaye da manjagara.

Ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai Baba ya ce, "Ina aka nufa da wannan rana haka, Malam?"

To, ina magidanci mai iyali zai buɗe baki ya ce wa surukinsa yawo zai tafi, ba fatauci ba, ba ta'aziyya ba? Kansa a ƙasa ya ce, "Gaishe ku na zo yi, Baba."

"Madalla, madalla! Har da ɗawainiya?" Baba ya kira yaro ya kwance ƙullin guzurin ya kai cikin gida. Daga baya mahaifiyata ta aiko mini da yabo, wai zabuwar ta yi daɗi.

Abin bai tsaya nan ba. Baba ya shafa sirdin, ya matsa taya, ya ce, "Tunda ba wata tafiya a gabanka, ara mini shi in leƙa yayata a Ringim. Rabona da ita tun kan a haifi ɗanka."

"Ai naka ne, Baba."

Da magariba sai ga maigidana a kan jakin aro, ƙafafunsa na jan ƙasa. Taubashin yana ƙofar gida. Sai ya tashi ya kama masa linzami kamar mai tarbar hakimi.

Shi kuwa Baba, yayarsa ta riƙe shi a Ringim, daga nan aka ce ai ba ya zo nan ya ƙi ƙarasawa Taura ba, daga Taura aka miƙa shi gaba. Bai ƙetare gidan kowa ba. Maigidan kullum sai ya ce mini, "Ke, ba ki ji wani labari daga gida ba?" In ce, "Ka aika ka tambaya mana." Sai ya harare ni.

Ranar da hadari ya haɗo sosai, ƙasa ta fara ƙamshi, muka ji ƙararrawa a ƙofar gida. Baba ne, ya yi ƙiba, an ɗaure masa busasshen kifi a kariya. Ya zauna a zaure ya sha fura, ya ce, "Malam, kekenka ba ya gajiya. Har Haɗeja ya kai ni. Na ma wanke maka shi a kogi. Kai ma ka daure wata shekarar ka fita ka ga duniya, zaman gida ba ya ƙara wa mutum komai."

"In Allah ya so, Baba," in ji maigidana.

Yayyafi ya fara sauka a kan rufin zaure. Ya shigo cikin gida, ya tsaya a bakin rumbu, ya ce, "Ke, ina kika ajiye mini sungumi?"