Gurbi na Talatin

Akwai wata Laraba a daminar 1978 da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina aiki a ofishin wani kamfanin haƙar kuza a Rayfield. Ku da kuke saka kwamfuta a aljihu, tamu ɗaki guda ta cinye. Ni ba injiniya ba ne, aji huɗu na tsaya. Aikina huda kati: a ba ni rubutu, in buga a inji, ya fito da huji-huji a jikin kati, na'ura ta karanta.

Shugabana Oga Pam, shi ke rubuta wa na'urar umarni, da wani yaren kwamfuta da ya ce masu jin sa a ƙasar nan ba za su cika tasi ɗaya ba. Akwai abin da muke kira tafinta, mai juya rubutun Oga zuwa abin da na'ura ke ganewa. Kyauta wata jami'a ta aiko da shi, a buɗe, kowa na iya duba cikinsa. Sharaɗin ɗaya ne: in ka gyara wani abu, ka aika wa sauran masu amfani da shi ta gidan waya.

Da hutun rana Oga Pam yake koya wa na'urar dara. Ni na ba shi dokokin, don a bakin tashar Laranto na girma. Na'urar takan buga gurabun talatin a takarda, ta yi wasanta, in yi nawa. Manaja kuwa ya riga ya kafa doka: wanda aka kama yana wasa da na'urar kamfani, a bakin aikinsa.

Ina cikin wasan na lura ba ta taɓa sa ɗa a gurbin ƙarshe ba, ko da can ne cinta yake. Na faɗa wa Oga. Ya yi dariya, ya ce ina cin ta kullum kuma ina kai ƙararta. Amma ya duba. Kwana uku yana dubawa.

Ranar Larabar ya shigo fuska ba walwala. Ya ce laifin ba na darar ba ne, na tafinta ne: in jeri ya kai wani tsawo, sai ya yar da na ƙarshe. Kuma da wannan tafintan ake fitar da jerin ramukan kuzar da za a duba gaɓarsu, wato bangon ramin, kowane mako. Tun da aka ƙara sababbin ramuka, na ƙarshe bai sake fitowa ba. Ga ruwa ana ta yi, ga lebura a ƙasa.

Ya je wurin manaja, ya dawo. Manaja ya ce shekara biyu jerin na aiki, ba zai tsayar da rami kan zato ba, a kawo shaida. Shaidar da mutum zai gane da ido ɗaya ce: takardun darar, kowace da sunana a sama. Oga ya ce in bari, zai nemo wata hanya zuwa Litinin. Ya san 'ya'yana shida.

Na dubi taga, ruwa bai tsaya ba. Na kwashi takardun na shiga ofishin manaja.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi wasan. Dubi kusurwar nan. Wasa arba'in, ba ta taɓa shiga ba."

Ya daɗe yana jujjuya su. Sannan ya kira direba.

An tarar gaɓar ramin ƙarshen ta tsage, hannu na shiga. Aka fitar da mutane ranar. Ta rufta ranar Juma'a, babu kowa a ƙasa.

Doka dai doka ce. Ba a kore ni ba, amma an mai da ni sito, ban sake shiga ɗakin na'ura ba har na yi ritaya. Oga Pam ya sha takardar gargaɗi. Aikina na ƙarshe a can shi ne huda katin gyaran, guda bakwai, aka aika wa sauran. A wasiƙar ya rubuta cewa mai huda kati ne ya gano.

Abin da na koya ke nan. Na'ura ba ta cewa ta manta, shiru take yi. Masu ilimi sun duba abin da ta buga. Ni da ban iya komai ba sai dara, inda ta bari fili na duba. In an ba ku jeri, ku ƙirga har na ƙarshe. Akwai mutum a ƙarƙashinsa.