Ranar Da Aka Miƙa Wa Mahaifiyata Jijiyarta

Shekarun baya mahaifiyata ta fara kukan ciwon baya, irin wanda kowace dattijuwa a unguwarmu a Birnin Gwari take kuka da shi, don haka babu wanda hankalinsa ya tashi. Man zafi kawai take shafawa ta koma kan tukunyar daddawarta. Sai wata rana da hantsi tana kwance a tabarma ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora a saman cibiyarta.

"Ji nan," ta ce. "Kamar zuciyata ce ta sauko ciki."

Na kuwa ji wani abu yana bugawa da ƙarfi a ƙarƙashin tafina.

Daga asibitin garinmu aka tura mu Kaduna a yi hoton ciki. A lokacin ba a hawa wannan hanya yadda aka ga dama. Sai motoci sun taru da safe, sojoji sun shiga gaba, sannan a ratsa dajin kowa yana addu'a a zuciyarsa. Da sakamako ya fito, likita ya ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ce ta kumbura a cikinta, bangonta ya yi laushi, kuma tana iya fashewa. Ya ce in hakan ta faru muna gida, babu motar da za ta kawo ta a kan lokaci. Aiki za a yi, a wani babban asibiti a Abuja.

Inna ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya. Muna fitowa ta ce mini ba za a yanka ta ba.

Na yi lallashi, na yi kuka, na turo mata yayanta. Har takarda na samo, ni malamar firamare, na zana mata jijiyar da kumburin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni, "Wannan rogo ne ko dankali?" Tun daga nan na haƙura da zane.

Da ƙyar ta yarda muka je Abuja, da sharaɗin magana kawai za ta ji. Likitan da muka samu a can mutum ne mai sanyin murya. Bai fara da dogon bayani ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko wani abu na roba, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, ƙasansa ya rabu kamar gwafa, tsakiyarsa ta kumbura kamar ƙwan agwagwa.

"Mama, wannan taki ce," ya ce. "Daga hoton da aka yi miki wata na'ura ta ƙera ta, daidai girman wadda ke jikinki. Kumburin ya matso kusa da jijiyoyin ƙoda, shi ya sa muka so mu riƙe ta a hannu kafin mu taɓa ki."

Ya miƙa mata. Ta goge hannunta a zani kafin ta karɓa. Ta juya ta, ta danna kumburin da babban yatsa, ta leƙa cikin ramin. Ana cikin haka wasu ɗalibai maza suka shigo, nan take ta ja gefen mayafinta ta rufe robar.

"Inna, roba ce fa," na ce.

"Cikina ne," ta ce. Sai da likita ya sallame su ta buɗe.

Daga nan tambayoyi suka fara fita, waɗanda ban taɓa jin ta yi ba. Ina za a yanka? Me za a sa a wurin? Jinin fa, ina zai tsaya kafin a gama? Ya nuna mata inda za su matse sama da ƙasa, ya nuna mata wani farin bututu mai laushi kamar yadi da za a ɗinka ya maye gurbin wurin da ya lalace.

"Kun taɓa yi?"

"Mun sha yi wa wasu. Taki kuma mun gwada a kan 'yar'uwar wannan."

Ya ɗauko ta biyu, wadda shi da abokan aikinsa suka riga suka yanka suka ɗinke. Inna ta kai ta kusa da ido, ta bi ɗinkin da farce tun daga farko har ƙarshe.

"Ba laifi," ta ce. "Bari in yi azahar, sai mu yi magana."

Bayan sallah ta ce a sa rana.

Aikin ya ɗauki lokaci, jinyar ta fi shi. Ta rame, ta yi makonni tana tafiya a duƙe tana dafa bango, amma ƙodarta ba ta taɓu ba. Kafin damina ta kama mun dawo gida. Ranar sallama ta so tahowa da robar, likita ya roƙe ta ta bar musu don koyar da ɗalibai. Ta yarda, amma ta ce a riƙa ajiye ta a cikin jaka.

Bayan ta warware na tambaye ta abin da ya sauya mata ra'ayi, tunda mu mun yi ta faɗa mata tana iya mutuwa amma ko gezau ba ta yi ba.

"Mutuwa ai ta Allah ce, ba ita nake gudu ba," ta ce. "Ban so a shiga jikina ne kamar an faɗa ɗakin mutum babu sallama. Wannan likitan ya yi sallama."

Har yau ina tuna wannan magana duk sanda na ji an ce wani tsoho ya ƙi asibiti don taurin kai. Wataƙila taurin kan ne. Amma nakan so in san ko akwai wanda ya zauna ya nuna masa abin da ke jikinsa, ya kuma jira har ya gama tambaya.