Na rubuta wasiyya, ashe wake cikina ke nema

"Me kake ci kullum?" in ji likita, takardar awona a hannunta.

Wata huɗu cikina na kumburi, bayan gida sai da ƙyar. A Arlit kuwa, duk wanda ya daɗe yana jan kamiyo a ramin uraniyom, ko ciwon kai ya yi sai ya ce gubar ce. Har wasiyya na rubuta na aika wa ƙanena Maradi.

Na ce, "Burodi da sardin, taliya, sai shayi."

Ta ce, "Malam Sani, awonka lafiya lau. Akwai ƙananan halittu masu amfani a hanjinka. Wake da ganye da gero suke ci, abin da suke fitarwa shi ke gyara hanji. Kai kuwa ka bar su da yunwa."

Bakin ƙofa na zauna ina hamdala, gwiwoyina na rawa.

Sati uku ke nan ina cin wake da zogale, cikin ya sace. Jiya na kira ƙanena na ce ya yaga takardar, ya aiko mini wake.

Gwaurayen Arlit, yaushe rabonku da ganye?