Sunan Gari a Tafin Hannu

A liyafar da asibiti ke shirya wa sababbin likitoci masu neman gurbin horo, jajibirin intabiyu, Tamika ta kasa ɗauke ido daga saurayin da ke zaune gabanta. Takardar suna da ke ƙirjinsa ta ce Grant. Kwat ɗinsa ta sha ninki a akwati, murmushinsa kuwa kamar da ƙusa aka kafa shi.

Kafin ya buɗe baki sai ya saci kallon tafin hannunsa. Tamika ta leƙa, ta ga ya rubuta "Milwaukee", sunan garin da suke ciki, da biro. Bawan Allah, ƙila gari na goma ke nan da ya sauka a wata guda, duk sun cakuɗe masa.

Aka kawo fukafukan kaza jage-jage da miya. Ya ci, ya goge hannu tas da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Babbar likita ta juyo. "To Grant, me ya ja ka garin namu?"

Ya buɗe hannu, fes, ko ɗigon tawada babu. Murmushin bai motsa ba.

"Ai Likita, tun ina yaro nake mafarkin zuwa... nan."

Tamika ta ƙunshe dariya, sannan a ƙarƙashin tebur ta duba nata tafin, inda ita ma ta rubuta sunan garin.