Ruwan Shanmu a Cikin Inji

Shekarar da kamfanin ma'adinai ya sallame mu, garka, ɗan lambuna, ita ce ta riƙe gidana a Arlit. Wata safiya bakin rijiya ya rufta, injin ban-ruwa ya faɗa cikin ruwanta mai gishiri. Da muka zaro shi, maƙwabcina ya kai hannu zai ja igiyar tada shi. Na daka masa tsawa: "Malam, kana ja ka kashe shi!"

Na cire buji, wato fulogi, na tsiyaye mai, na wanke gishirin da ruwan shanmu, bido biyu, wato jarka biyu, ana tsakiyar fari. Mutane suka yi ta dariya, suka ce rashin aiki ya taɓa mini kai. Na bi injin da man gazuwal, na shanya. Rana ta uku, ja ɗaya ya tashi. Masu dariyar nan su suka fara zuwa aronsa.